Allurar kyauta, allurar kuɗi ko gwaji: wanne ya dace da wa a rigakafin sankarar bakin mahaifa?

Tun daga ranar 24 ga Oktoba 2023, lokacin da Najeriya ta shigar da allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV, mai haddasa sankarar bakin mahaifa, cikin jerin alluran da ake yi wa yara kyauta (ita wannan ta 'yan mata ce masu shekara 9 zuwa 14), tambayar da ke gaban iyaye ta sauya kama. A da damuwar ita ce inda za a samu allurar da kuma kuɗin sayenta, yanzu kuwa ga ta a asibitin sha-ka-tafi na unguwa, sai dai zuwanta ya haifar da wasu tambayoyin. Uba mai ɗan hali ya ji cewa a wasu asibitocin kuɗi na manyan birane akwai wata allurar da ta fi ta gwamnati yawan nau'o'in cutar da take karewa, yana tunanin ko ya dakata har ya tara kuɗinta. Uwa ta ji cewa a da sau biyu ko sau uku ake yi, yanzu kuwa sau ɗaya, tana zargin ko an rage wa 'ya'yan talakawa ne. Ita kanta uwar, mai shekara talatin da biyar da 'ya'ya huɗu, ba ta san ko allura za ta nema wa kanta ba ko gwaji. Amsar waɗannan tambayoyi ba ɗaya ba ce, kuma abin da ke rarrabe su shi ne shekarun wadda ake magana a kanta, ba nauyin aljihun mai biyan kuɗin ba.

HPV ƙwayar cuta ce mai nau'o'i sama da 200, kuma waɗanda suka shafi wannan magana ta hanyar saduwa ake ɗaukarsu, ko da haɗuwar fata ce kawai. Yaɗuwarta ta kai ga mafi yawan mutanen da suka taɓa saduwa sun kamu da ita a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba, kuma a mafi yawan lokuta garkuwar jiki tana share ta cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Matsalar tana tasowa ne idan ɗaya daga cikin nau'o'i masu haɗari ya maƙale a bakin mahaifa ya ƙi fita, domin a hankali yake sauya ƙwayoyin halittar wurin, har bayan shekara 15 zuwa 20 abin ya rikiɗe ya zama sankara. Likitan Jamus Harald zur Hausen ne ya tabbatar da wannan alaƙa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2020 kaɗai an samu sababbin masu wannan sankara kimanin 12,000 a Najeriya, kuma mata kimanin 8,000 suka rasu a dalilinta. Kusancin waɗannan alƙaluma biyu ga juna shi ne abin tayar da hankali, domin yana nufin yawancin matan ba sa isa hannun likita sai cutar ta ci ƙarfinsu.

Alluran da aka fi sani guda uku ne. Cervarix na kamfanin GSK yana kare nau'i biyu, wato na 16 da na 18. Gardasil na kamfanin Merck, wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 2006, yana kare waɗannan biyun ya ƙara da na 6 da na 11, kuma shi ne gwamnatin Najeriya take bayarwa kyauta. Gardasil 9, wanda ya fito a 2014, ya ɗauki waɗannan huɗun ya ƙara biyar: 31, 33, 45, 52 da 58. Akwai kuma Cecolin na ƙasar Sin mai nau'i biyu da Cervavac na Indiya mai nau'i huɗu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai; abin da ke ciki kwaikwayon ɓawon ƙwayar cutar ne wanda ba shi da komai a cikinsa, jiki ya gan shi ya haɗa makaman yaƙarsa, ranar da ta gaskiyar ta zo ta tarar an riga an san fuskarta.

Duk wanda ya ji huɗu da tara zai ɗauka cewa ta biyun ta ninka ta farkon, amma lissafin ba haka yake ba, saboda nau'o'in ba ƙarfinsu ɗaya ba. Nau'i na 16 da na 18 su kaɗai ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya, kuma duka alluran suna ɗauke da su. Ƙarin nau'i biyar na Gardasil 9 yana ɗaga kariyar zuwa kusan kashi 90. Nau'i na 6 da na 11 kuwa ba sa kawo sankara, tsiron nama suke haddasawa a al'aura, kuma su ke da alhakin kusan kashi 90 na irin wannan tsiron. Saboda haka tazarar gaskiya tsakanin allurar gwamnati da mai tsadar ita ce tsakanin 70 da 90. Wannan tazara ba abin rainawa ba ce, kuma da a ce an ajiye mini alluran biyu a tebur ɗaya a rana ɗaya a kyauta, mai nau'i tara zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Sai dai ko ita ba ta rufe kowace ƙofa ba, domin akwai nau'i na 35, wanda ake samunsa a sankarar matan Afirka fiye da na sauran nahiyoyi, kuma babu shi a cikin ko ɗaya daga waɗannan alluran.

Matsalar ita ce ba a tebur ɗaya aka ajiye su ba. Ɗaya tana asibitin unguwa yau ba ko kwabo, ɗaya kuma sai an nemi asibitin da yake da ita, a biya kuɗi mai nauyi, wani lokaci a ce ta ƙare sai an jira. A nan ne lokaci ya fi nau'in allura muhimmanci, domin allurar ba ta warkar da cutar da ta riga ta shiga jiki, tsare ƙofa kawai take yi kafin a shigo. Binciken da aka yi a Suwidin a kan 'yan mata da mata kusan miliyan 1.7, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar kafin su kai shekara 17 haɗarin kamuwarsu da sankarar ya ragu da kashi 88, waɗanda aka yi wa tsakanin shekara 17 da 30 kuwa da kashi 53 ya ragu, kuma allurar da aka yi musu ita ce mai nau'i huɗun nan da ake bayarwa a Najeriya. A Ingila, inda aka fara shirin a 2008 da Cervarix mai nau'i biyu kacal, binciken 2021 ya gano raguwar kashi 87 ga waɗanda aka ba damar yin allurar suna shekara 12 zuwa 13, kashi 62 ga 'yan 14 zuwa 16, sannan kashi 34 ga 'yan 16 zuwa 18. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da kyau zai ga cewa jinkirin shekara uku ko huɗu yana cinye fiye da ribar da ƙarin nau'o'i biyar za su kawo.

Wannan batu ya fi shafar mu fiye da Turawan da aka yi binciken a kansu, saboda a wurare da yawa na ƙasar Hausa yarinya takan shiga ɗakin miji kafin ta cika shekara ashirin, wani lokaci ma da sauran tazara. Ya kamata a faɗi wannan ƙarara, domin akwai iyayen da suke jin maganar allurar kamar zargi ne ga tarbiyyar 'yarsu. Yarinya tana iya kai budurcinta ɗakin miji ta ɗauki ƙwayar cutar daga mijin da ya taɓa aure a baya ko yake da wasu matan, shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba, kuma babu wani gwaji na yau da kullum da ake yi wa maza kafin ɗaurin aure da zai nuna ta, ba kamar gwajin jini na sikila ko na cuta mai karya garkuwar jiki ba. An zaɓi shekara 9 zuwa 14 ne don a riga auren, kuma don jikin yarinya a wannan shekarun ya fi na babba saurin haɗa garkuwa mai ƙarfi. Uban da ya ce sai ya tara kuɗin mai nau'i tara, ya bar 'yarsa mai shekara goma sha biyu babu ko ɗaya, yana iya wayar gari an kawo kuɗin gaisuwa yana nan yana jiran gawon shanu.

Sai maganar allura ɗaya ko biyu, wadda ita ce ta fi jawo zargi, tunda Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Gaskiya ne cewa da farko sau uku ake yi cikin wata shida, daga baya aka mayar sau biyu ga 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin komawa ɗaya ya fito ne daga bincike, wani ɓangarensa ma a bisa tsautsayi. A Indiya, hukumar binciken sankara ta duniya ta fara wani nazari a 2009 don kwatanta allura biyu da uku, sai gwamnatin ƙasar ta dakatar da yin allurar a 2010 ana tsakar aiki, lamarin da ya bar dubban 'yan mata da allura ɗaya tak. Masu binciken suka ci gaba da bibiyarsu, bayan shekara goma kuma suka tarar kariyarsu daga nau'i na 16 da na 18 ba ta gaza ta waɗanda suka samu biyu ko uku ba. A Kenya aka shirya gwaji na musamman a kan 'yan mata sama da dubu biyu masu shekara 15 zuwa 20, aka raba su gida uku, wasu aka yi musu Cervarix sau ɗaya, wasu Gardasil 9 sau ɗaya, sauran aka yi musu allurar sanƙarau don a samu abin kwatantawa, sakamakon ya nuna allura ɗaya ta hana maƙalewar nau'i na 16 da na 18 da kusan kashi 97.5. A kan irin waɗannan hujjoji ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2022 cewa allura ɗaya ko biyu ta wadatar ga 'yan shekara 9 zuwa 20. Ga mai zargin cewa ƙasashe matalauta kaɗai aka yi wa wannan ragi, Ostareliya ta koma allura ɗaya a watan Fabrairu 2023, Birtaniya kuma a watan Satumba na shekarar, kafin Najeriya ta fara nata shirin, kuma ba rashin kuɗi ya sa su ba.

Akwai waɗanda wannan sauƙin bai shafa ba. Macen da ta kai shekara 21 allura biyu ake so ta yi, da tazarar wata shida a tsakani. Yarinya ko macen da garkuwar jikinta ta yi rauni, musamman mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, tana buƙatar aƙalla biyu, uku kuma ya fi idan da hali, domin mata masu wannan cuta sun ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin kamuwa da sankarar bakin mahaifa, kuma a jikinsu cutar takan kammala aikinta cikin shekara 5 zuwa 10. Uwar da ta san 'yarta tana cikin wannan rukuni ya kamata ta sanar da ma'aikaciyar lafiyar a keɓe, don kada a rubuta mata allura ɗaya a kati a sallame ta kamar kowa.

Ba zan wuce maganar tsoron hana haihuwa ba, domin ita ce take hana iyaye da yawa sa hannu a takardar amincewa da ake aiko musu daga makaranta. Tsoron yana da tushe a tarihinmu. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma inuwarsa tana cikin abubuwan da suka jawo ƙaurace wa allurar shan inna a 2003; wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Amma wannan allurar ba sabon abu ba ce da ake gwadawa a kanmu. Ta shekara 17 ana yi wa 'ya'yan Amurka da Turai kafin ta shiga shirin gwamnatin Najeriya, an rarraba ɗaruruwan miliyoyinta a duniya, Ruwanda ta fara yi wa 'yan matanta tun 2011, kuma kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sa ido kan lafiyar alluran rigakafi ya duba zargin hana haihuwa bai samu wata alaƙa ba. Japan ta taɓa janye ƙarfafa wa iyaye gwiwa a 2013 saboda rahotannin illa, yawan masu karɓa ya faɗo daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1, bincike bai tabbatar da zargin ba, ta dawo da shirin a 2022 bayan an bar 'yan mata na shekaru kusan tara ba kariya. Abin da yake cire mahaifa da gaske, ya yanke haihuwa, shi ne aikin tiyatar da sankarar take tilastawa.

Illolin da aka sani ƙanana ne, kuma kusan ɗaya suke a dukkan alluran: dantse ya yi tsami ko ya ɗan kumbura kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ciwon kai ko ɗan zazzaɓi. Wanda ya taɓa tsayawa a harabar makaranta ranar allura ya san yadda abin yake. 'Yan mata sun yi layi da hijabansu, kowace ta naɗe hannun riga na hagu, ta gaba tana rintse ido tun kafin a buɗe akwatin sanyi, ta baya tana yi mata dariya alhali ita ma gabanta yana faɗuwa. A irin wannan yanayi wata takan ji jiri har ta sulale, musamman idan ba ta karya ba kuma rana ta take, sai labari ya bazu a unguwa cewa allura ta sumar da yarinya. Tsoron allura ne yake kawo wannan, shi ya sa ake so a zaunar da kowace a benci na tsawon minti 15 bayan an yi mata. A ba ta koko da ƙosai kafin ta fita daga gida, a kuma adana katin da aka ba ta wuri ɗaya da takardar haihuwarta.

Ga uwar mai shekara talatin da biyar kuwa lissafin ya juya gaba ɗaya. Ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin a ɗakin miji, idan akwai ƙwayar da za ta ɗauka akwai yiwuwar ta riga ta ɗauka, kuma allura ba za ta taɓa wadda ta riga ta zauna ba. Ba a hana ta yi ba, a Amurka ma an yarda a yi wa mutum har shekara 45 bayan shawara da likita, amma idan kuɗin hannunta na abu ɗaya ne, gwaji ya kamata ta saya. Gwajin iri uku ne. Mafi sauƙi shi ne wanda ma'aikaciyar jinya take buɗe gaban mace da ɗan ƙarfe ko roba, ta shafa ruwan khal mai sauƙi a bakin mahaifa da auduga, ta jira minti ɗaya ta haska fitila, idan akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Amfaninsa shi ne a nan take ake sanin sakamako, kuma inda akwai na'urar ana iya ƙone wurin da zafi ko a daskarar da shi a zama ɗaya, mace ta koma gida ta ɗora tukunyar dare. Rauninsa shi ne ya dogara ga ƙwarewar idon mai dubawa, kuma ba ya aiki sosai ga matan da suka daina al'ada. Na biyu shi ne gwajin Pap, inda ake ɗebo ƙwayoyin halittar wurin a kai ɗakin gwaje-gwaje, wanda yake buƙatar ƙwararren mai karantawa da kuma dawowa karɓar sakamako, a nan ne kuma mata da yawa suke ɓacewa. Na uku, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita, shi ne gwajin neman ƙwayar HPV ɗin kanta. Ya fi sauran tsada, amma ya fi su kama cutar, mace tana iya ɗebo samfurin da kanta a bayan labule, abin da ya dace da kunyar matanmu, kuma idan ya fito babu komai ana iya shekara 5 zuwa 10 kafin a sake, alhali sauran biyun duk shekara uku ake maimaita su. Shekara 30 ce lokacin farawa, mai cuta mai karya garkuwar jiki kuwa tun tana 25.

Macen da take ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ta wuce batun allura da gwajin masu lafiya, likitan mata take buƙata cikin gaggawa. Da yawa sukan ɗauka sanyi ne, su shafe watanni tsakanin kemis da jiƙe-jiƙe, sai abin ya kai matakin da sai gashi da na'ura, na'urorin kuma ƙalilan ne a Arewa, a manyan asibitocin koyarwa irin na Zariya da Sakkwato.

Rukunin da zaɓinsa ya fi wuya shi ne na 'yan shekara 15 zuwa ashirin da 'yan kai, waɗanda shirin kyauta ya tsallake, gwaji kuma bai kai kansu ba tukuna. Budurwar da ba ta yi aure ba a wannan rukuni ita ce wadda kuɗin allura ya fi yi wa amfani, kuma a ganina ya cancanci a sa shi cikin lissafin hidimar biki tun kafin a sa rana, ko da za a rage akwati ɗaya a lefe. Idan ana iya biyan Gardasil 9 to madalla, idan kuma mai nau'i huɗu ko biyu ce ake da ita a kusa, a yi ta kada a tsaya jira. Wadda ba ta daɗe da aure ba ma tana iya amfana, domin da wuya a ce ta haɗu da dukkan nau'o'in. Mai juna biyu ta bari sai ta sauka, mai shayarwa kuwa babu abin da zai hana ta. Duk wadda za ta saya ta je asibitin da ake ajiye allurar a firji yadda ya kamata, ta ga kwalbar da ranar ƙarewar wa'adinta da idonta, domin allurar da ta sha zafin rana ko ta daskare ta rasa ƙarfinta.

Yaran maza ba sa cikin shirin kyauta na Najeriya a yanzu, ko da yake HPV tana haddasa musu sankarar maƙogwaro da ta dubura da ta al'aura, kuma Ostareliya ta fara yi wa nata tun 2013. Uban da yake da hali ya yi wa ɗansa bai yi asara ba, ya kare shi ya kuma kare matar da zai aura, sai dai kada hakan ya zo kafin 'yan matan gidan. Zagayen farko na gangamin yin allurar kyautar ya shafi jihohi 15 da Abuja, cikinsu har da Bauci da Jigawa, sauran jihohi 21 irin su Kaduna da Katsina suka biyo baya a watan Mayu 2024, kuma bayan gangamin allurar ta koma cikin aikin yau da kullum na asibitocin matakin farko, inda aka fi mayar da hankali kan 'yan shekara 9. Yarinyar da gangamin ya wuce ta, ko don ba ta zuwa makarantar boko ko don ranar ba ta nan, a kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ranar da ake yi wa jarirai rigakafi, a tambayi mai kula da sashen allura ko tana cikin shekarun da ake karɓa, tun kafin ta cika goma sha biyar.